Mai Saka Kyamara da La'adar Waya

A gonar kajin yayana da ke bayan garin Kano akwai wata kyamarar tsaro a saman ƙofar shiga wadda ta shafe wata biyu tana aiki da rana, tana mutuwa da dare. Daga hantsi har faɗuwar rana hotonta tangaram yake, kana zaune a ɗakin ajiyar abincin kaji za ka karanta lambar motar da ta zo ɗaukar ƙwai. Da an idar da sallar Magariba duhu ya soma sauka, sai hoton ya fara rawa, wasu layuka su riƙa gangarowa a kan allon, daga nan ya yi baƙi ƙirin. Jim kaɗan ya dawo, ya sake ɗaukewa. Haka za ta kwana tana suma tana farfaɗowa har gari ya waye. Maigadin ya ce in ya tsaya a ƙarƙashinta yana jin tana ƙas-ƙas kamar ana taɓa makunni.

Wanda ya saka ta ya zo sau biyu, duka da rana tsaka, ya ga hoto garau, ya ce lafiyarta ƙalau. A zuwa na uku ya ce kyamarar ce jabu, aka sayo sabuwa. Ita ma dare na yi ta bi sahun 'yar'uwarta.

Wani abokin cinikin yayana ne ya turo mana wani mai aikin. Mutum ne ɗan kimanin shekara arba'in, mara yawan magana, kuma kamar yadda ake kiran kusan duk mai wannan sana'a a garin nan, Injiniya muke ce masa. Tambayar da ya fara yi ta waya ita ce ta sa na soma kallon sana'ar da wani ido. Bai tambayi sunan kamfanin kyamarar ba, bai tambayi nawa aka saye ta ba. Cewa ya yi, "Alhaji, daga inda akwatin wutar yake zuwa ƙofar, taku nawa ne?" Da aka ce masa zai haura taku ɗari, sai ya ce to shi ba zai zo da rana ba, a saurare shi bayan Isha'i.

Ya zo a kan babur, yaronsa na bayansa rungume da jakar kayan aiki: filaya, sukundireba manya da ƙanana, salatif, ƙarfen narka dalma, ɗan ƙaramin allon gwada hoto, da mitar awon wuta mai tsinke biyu, ja da baƙi. Ya fara da ɗakin ajiya, ya ɗora tsinken mitar a bakin akwatin da ke ciyar da kyamarorin, ta nuna bolt 12 da ɗigo ɗaya. Muka taka zuwa ƙofa, yaron ya hau tsani ya zare wayar wutar daga jikin kyamarar ya auna bakinta, mita ta nuna 12 cif. Injiniya ya ce, "Wannan lambar ce ta yaudari wanda ya riga ni zuwa. Waya in ba a jan komai a cikinta ba ta ƙarya, amma kuma ba ta faɗin gaskiya." Sai ya sa aka mayar da kyamarar, aka soka tsinken mitar a mahaɗar wayar, kyamara na ciki tana sha. Lambar ta sauko zuwa 10 da 'yan kai. Muna kallo ƙananan fitilun da ke kewaye da idon kyamarar suka yi ja-ja kamar garwashi, a daidai wannan lokacin lambar ta zube zuwa 7 da rabi. Kyamarar ta mutu, fitilun suka mutu, lambar ta sake tashi sama. Bayan ɗan lokaci komai ya maimaita kansa.

A wannan daren na fahimci cewa abin da mai saye ke kallo a wannan sana'a, wato kyamara da allo da hoton da ke zuwa cikin wayar hannu, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Gwanintar tana cikin siririyar wayar da aka binne a bango ko aka jefa cikin silin, wadda mai gida ba zai ƙara ganinta ba har abada.

Duk wanda ke da tankin ruwa a saman gida ya san rabin wannan ilimin. Famfon da ke gindin tanki yana zuba da ƙarfi, na ƙarshen gida wanda aka kai wa ruwa ta dogon siririn tiyo yana tsiyaya. In ka toshe bakin tiyon da yatsa za ka ji matsin ruwan cikakke, kamar babu abin da ya ragu, amma kana sakewa ruwa ya fara gudu, sai ƙarfin ya faɗi. Wutar lantarki ma haka take. Bolt shi ne matsin, amfiya ita ce yawan abin da ke gudu, turjiyar da waya ke yi wa wannan gudun kuma da om ake auna ta. Wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Simon Ohm, shi ya fitar da ƙa'idar da ta ɗaure ukun nan a littafin da ya wallafa a 1827: matsin da ya salwanta a hanya daidai yake da yawan gudun in aka ninka shi da turjiyar hanyar. Waya dillaliya ce, ba ta kai saƙo kyauta. Kowace mita tana cire la'adarta, kuma gwargwadon girman kayan da aka ba ta, gwargwadon abin da za ta cire.

Ga yadda lissafin ƙofar gonarmu ya kasance. Nisan mita 80 ne, amma wuta zuwa take yi ta dawo, ta waya ɗaya ta tafi ta ɗayar ta koma, saboda haka mita 160 za a lissafa. Wannan shi ne kuskuren farko da sabbin shiga ke yi, su auna zuwa su manta da dawowa. Kaurin wayar rabin milimita murabba'i ne. Da jan ƙarfe ce zalla, kowace mita tana da turjiyar om 0.035, jimla om 5.6. Kyamara irin wannan da rana tana jan kamar kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, wato asarar bolt ɗaya da ɗan ɗoriya, abin da ba zai dame ta ba. Da dare kuwa tana kunna fitilunta na hasken da idon mutum ba ya gani, wanda da shi take gani a duhu, sai abin da take ja ya tashi zuwa rabin amfiya. Asarar ta zama bolt 2.8, abin da ya isa gare ta ya zama 9.2. Wasu kyamarorin ba sa jure a rage musu fiye da kashi 10 cikin ɗari, wato kada a sauka ƙasa da 10.8. Wasu, kamar da yawa daga cikin na Hikvision da Dahua da suka cika kasuwanninmu, an rubuta a takardarsu cewa suna jure ragin kashi 25 ko fiye, wato har wajen bolt 9. Ke nan ko da wayar ta ƙwarai ce, kyamararmu a bakin gaɓa take tsaye.

To wayar ba ta ƙwarai ba ce. Injiniya ya yanko ɗan guntu, ya feɗe robar, ya kankare silin ƙarfen da bakin wuƙa a ƙarƙashin hasken tocila. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe a baya. Ya kunna ashana ya kara mata, silin ya lanƙwashe ya zube kamar gashi. Jan ƙarfe na gaske da ya yi ja ya tsaya a tsaye. Irin wannan waya turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da sama da rabi, don haka om 5.6 ɗin nan ya koma kusan 9. Da rana asarar bolt 1.8, kyamara ta samu 10.2 ta lallaɓa ta rayu. Da dare asarar 4.5, ta samu 7.5, daidai abin da mita ta nuna mana. A nan gizo ke saƙa: fitilun na kamawa matsin ya faɗi, kyamara ta mutu, tana mutuwa jan wuta ya tsaya, matsin ya dawo, ta farka, tana farkawa ta ga duhu, ta sake kunna fitilun. Ƙas-ƙas ɗin da maigadi ke ji kuwa wani ɗan gilashi ne a cikinta da ke tare wancan hasken da rana, ya kauce da dare, shi ne ke ta kai da kawowa duk lokacin da ta farka.

Abin da ke ƙona min rai a wannan lamari shi ne lokacin da cutar ke tashi. Ba don ya ga motar ƙwai da rana mutum ke cire kuɗinsa ya saka kyamara ba. Don ƙarfe biyun dare yake sakawa. Aikin da aka yi da siririyar waya zai ci jarrabawa a gaban mai gida, domin da rana ake miƙa aiki, da rana ake biyan cikon kuɗi, sannan ya faɗi a sa'ar da aka saye shi dominta. Mai shago a Kantin Kwari ko mai rumbu a Dawanau zai kulle ya tafi gida da kwanciyar hankali, alhali abin da akwatin naɗar hotonsa ke ajiyewa daga Magariba zuwa Asuba baƙin allo ne. Da yawa ba sa ganewa sai ranar da aka yi ɓarna aka ce a dawo da hoton baya a gani.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba ma jin wannan kukan a wayarin gida, inda ake jan waya mita hamsin zuwa fanka ko firji? Ana yin asarar a can ma, sai dai uwar kuɗin tana da yawa. In aka cire bolt 3 daga 230 na wutar gida, kashi ɗaya ne da 'yan kai cikin ɗari, babu na'urar da za ta ji a jikinta. In aka cire 3 daga 12, rubu'i ne cur ya tafi. Shi ya sa ƙwararren mai wayarin gida, wanda ya shekara ashirin yana aiki ba a taɓa kuka da shi ba, zai iya shigowa aikin kyamara ya yi tuntuɓe. Ya saba da zaɓen waya don kada ta yi zafi ta kama da wuta, kuma a wannan ma'auni rabin amfiya ba komai ba ce, ko zaren waya zai ɗauke ta. Bai saba da tunanin cewa waya za ta iya zama da sanyi ƙalau amma tana cinye saƙon a hanya ba. Mutanen unguwannin da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, su ne suka san ɗanɗanon abin: da dare ya yi kowa ya kunna kayansa, sai a ce rabin wuta aka kawo, ƙwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Cuta ɗaya ce, girman ne ya bambanta.

Tsohuwar matsala ce. Tashar wutar da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl a birnin New York a 1882 tana ba da bolt 110 ne, kuma ba ta iya ciyar da gidajen da suka wuce kimanin mil guda daga gare ta, domin wayar na shanye wutar kafin ta isa. Abin da ya warware wannan shi ne ɗaga matsin sama ƙwarai a yi tafiyar da shi, sannan a sauke shi a bakin gida. Da wannan dabara ce wutar Kainji da Shiroro ke ratso ɗaruruwan kilomita a kan manyan turakun nan da bolt dubu 330 har ta iso Kumbotso, daga nan a riƙa sauke ta mataki-mataki. Mai saka kyamara yana fama da abin da injiniyoyin manyan layuka ke fama da shi ne, sai dai shi filin yaƙinsa katangar gida ce.

Magungunan da ke hannunsa ba su da yawa, kuma kowanne da farashinsa. Mafi sauƙin fahimta shi ne a ƙara wa wayar kauri. Da ƙofarmu an ja mata jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 1.5, turjiyar ba za ta kai om 2 ba, asarar dare ba za ta kai bolt ɗaya ba. Amma jan ƙarfe tsada gare shi, kuma in nisan ya kai mita ɗari biyu kuɗin waya zai ninka kuɗin kyamara. A irin wannan hali gwani kan ja wutar gida ta 230 a cikin bututun roba har kusa da kyamarar, ya kafa ɗan akwatin da ruwa ba ya shiga, ya sa adafta a ciki, ta yadda bolt 12 ɗin ba za ta yi tafiyar da ta wuce taku biyu ba. Wannan yana aiki, amma ya kawo wuta mai kisa jikin katanga inda yara ke wasa, don haka sai wanda ya san ƙa'idar wayarin sosai ya kamata ya yi shi. Wasu kan tura bolt 24 su sa ɗan abin da zai sauke ta zuwa 12 a bayan kyamarar.

Akwai kuma gajeriyar hanya da nake ganin ta fi kowacce jan hankalin mai gaggawa. A cikin yawancin akwatunan wutar nan akwai ɗan sukurun da ake murzawa a ƙara matsin zuwa 13 da wani abu. In duk kyamarorin nesa suke, ƙarin kaɗan yana taimakawa. Amma akwati ɗaya kan ciyar da kyamara huɗu ko takwas, wata tana nan bakin ƙofar ɗaki, wata tana ƙarshen fili. Ka murza don ta nesa ta ƙoshi, ta kusa ta riƙa shan abin da ya fi ƙarfinta dare da rana. Ko ta nesan ma da rana, lokacin da ba ta ja da yawa, ƙarin zai isa gare ta kusan duka. Injiniya ya ce shi ba ya taɓa sukurun nan sai mita na maƙale a bakin kyamarar da ta fi kusa. Haka kuma ba ya yarda a ja waya ɗaya a rataya mata kyamara uku a jere kamar ƙwaryar da aka tsira a igiya, domin gaɓar farko ta wayar za ta ɗauki kayan ukun gaba ɗaya, la'adarta ta ninka uku, ta ƙarshe kuwa sai ta samu kanzo.

Sabbin kyamarori masu magana da harshen intanet sun zo da mafita mai kyau, inda kebul ɗaya ke ɗaukar hoto da wuta a tare, abin da masu aikin ke kira PoE. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 2003, aka ƙara masa ƙarfi a 2009 da 2018. Sirrinsa shi ne sirrin Kainji: yana tura wajen bolt 48. Kyamarar da ke buƙatar wat 6 tana jan rabin amfiya a kan bolt 12, amma a kan 48 kashi ɗaya cikin takwas kawai take ja. Jan ya ragu zuwa rubu'i, asarar ma ta ragu zuwa rubu'i, kuma daga uwar kuɗi mai yawa ake cire ta. Iyakarsa mita 100 ce, in za a wuce sai a sa na'urar da za ta karɓa ta sake turawa, ko a koma zaren gilashi. Sai dai shi ma jabun kebul na kayar da shi. Kwalin mita 305 na alminiyam mai fenti da na jan ƙarfe kamanninsu ɗaya a kan kanta, rubutun jikinsu ma wani lokacin ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga mai sana'ar a shagunan kayan wuta na Sabon Gari ya ɗaga kwali yana jinjina shi a hannu kafin ya tambayi kuɗi. Jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi sau uku da ɗoriya, hannu ba ya ɓata wannan. Wasu har da ɗan maganaɗisu suke yawo a aljihu, domin akwai kebul ɗin hoto da cikinsa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da ja. Naɗin da aka ce ɗari ne kuma sai an tambaya, ɗari na yadi ko na mita, tunda yadi 100 mita 91 ne da 'yan kai.

Masu wannan sana'a a garuruwanmu daga ƙofofi daban-daban suka shigo. Akwai tsofaffin masu saka kwandon tauraron ɗan'adam, waɗanda suka riga suka saba da tsani da kebul ɗin hoto. Akwai masu wayarin gida, akwai yaran da suka taso a gyaran wayar hannu a Farm Centre da titin Beirut, akwai masu saka sola, akwai kuma waɗanda suka fito daga kwalejin fasaha da takarda a hannu. Kowanne ya zo da rabin ilimin. Mai gyaran wayar hannu ya iya haɗa akwatin naɗar hoto da wayar hannun Alhaji cikin minti biyar, amma bai taɓa tunanin kaurin waya ba. Mai takarda ya san ƙa'idar Ohm a allo, amma sai ya ga kyamara ta mutu a gabansa kafin ya gane cewa wannan darasin ne ya biyo shi har kan tsani. Yaro a hannun maigida yakan fara da riƙe tsani da miƙa kaya, sannan fasa bango da shiga silin, wanda shi ne aikin da ya fi wahala, musamman a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya haɗa kan kebul, ya ƙara daɗewa kafin a ba shi mita. Zafin silin nan ma yana da hannu a lissafi, domin turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a duk digiri 10, kuma a daren bazara silin ba ya hucewa da wuri.

Ban ce duk wanda ya sa siririyar waya macuci ne ba. Yadda ake cinikin aikin ne ke tura mutane can. Mai gida zai kira mutum uku su ba shi ƙiyasi, ya dubi layin ƙarshe ya ɗauki mai araha. Kyamara huɗu huɗu ce a takardar kowa, akwatin naɗar hoto iri ɗaya ne, wurin da kawai za a iya matsewa ba tare da an gani ba shi ne waya da akwatin wuta. Mai gaskiya ya rubuta jan ƙarfe mai kauri, kuɗinsa ya ɗara na sauran, a ce masa ya cika tsada. Injiniya ya ce ya rasa ayyuka da dama a kan haka, kuma wasu daga cikinsu sun dawo hannunsa bayan wata uku a matsayin gyara. Yanzu in zai ba da ƙiyasi yakan tafi da guntayen waya biyu a aljihu, ya kankare su a gaban mai gida ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta wannan kuɗin, ga ta wancan, zaɓi naka ne." Gani ya kori ji. A ganina mai saye ma yana da nasa nauyin: ya nemi a rubuta masa kaurin wayar da irin ƙarfenta a takarda, kuma ya riƙe cikon kuɗin har sai ya ga hoton dare da idonsa.

Wani wurin da wuta ke salwanta, wanda lissafin takarda ba ya nunawa, shi ne mahaɗa. Waya ta ƙare a tsakiyar katanga, a ɗauko wata a murɗe su da yatsa a naɗe da salatif. Da rani babu abin da zai faru. Damina na sauka ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi kore, mahaɗa ɗaya ta zama tana cin abin da mita talatin na waya ba su ci ba. In alminiyam ce abin ya fi muni, domin tana yin wata farar tsatsa da ba ta barin wuta ta wuce, ga saurin karyewa in an lanƙwasa ta. Gwani yana ƙin mahaɗa iyakar iyawarsa, in ta zama dole ya liƙe ta da dalma ya sa ta a akwati, a inda hannu zai kai gare ta gobe. Ɓera a silin, gara a ƙasa, ƙurar hunturu a kan gilashi, gizo-gizon da ke saƙa a gaban fitilun dare saboda ƙwarin da ke taruwa a wurin, duk abokan gabarsa ne, amma waɗannan ana ganinsu.

Inda aka haɗa kyamarori kai tsaye da batirin sola kuma, akwai ƙarin abin lura. Batirin da ake kira mai bolt 12 in ya cika yana kan 12.7 ne, in ya sha rabi ya sauko wajen 12.1, ya ci gaba da sauka. Ke nan tushen kansa yana raguwa a cikin daren da kyamara ta fi ja. Aikin da ya tsaya da ƙafarsa da ƙarfe tara na dare zai iya durƙushewa da ƙarfe huɗu na asuba.

Sana'ar tana da wani nauyi da ya wuce na waya, kuma ba zan so in tsallake shi ba. Mutumin nan ana shigar da shi har inda baƙo ba ya shiga. Ya san kusurwar da kyamara ba ta gani, ya san inda akwatin naɗar hoto yake ɓoye, sau da yawa shi ya ƙirƙiri kalmar sirrin. Na ga Injiniya ya miƙa wa yayana wayar hannu ya juya baya ya ce ya sa kalmar da kansa, kada ya faɗa masa. Ya ce a gidajen aure yakan nemi a sanar da matan gida kafin ya hau tsani, kuma ba ya karkata kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci ko da mai gida ya nema. Da ma tun asali daga tsoron dare wannan na'ura ta shigo gida: Marie Van Brittan Brown, wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta New York, ita da mijinta Albert suka nemi rajistar tsarin ganin mai ƙwanƙwasa ƙofa ta allon talabijin a 1966, aka ba su a 1969.

A gonarmu jan ƙarfe mai kaurin 1.5 aka zaɓa, tunda nisan bai kai a kawo wutar gida bakin ƙofa ba. Yini guda suka yi suna aikin. Suka zare tsohuwar wayar, a cikinta aka tarar da mahaɗa biyu, ɗaya ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Suka ja sabuwar a cikin bututu ba tare da yanka ko ɗaya ba. Tsohuwar kyamarar da aka ce jabu ce, wadda ke ajiye a kwali, ita Injiniya ya ce a mayar, sabuwar kuma aka kai ta bayan ɗakunan kaji. Da la'asar hoto ya fito, yayana ya ciro cikon kuɗi, Injiniya ya ce a bari tukuna.

Suka yi Magariba da Isha'i tare da mu a kan tabarmar maigadi. Da duhu ya kankama yaron ya hau tsani da mita, maigidansa na ƙasa riƙe da tocila. Fitilun suka yi ja, muka yi shiru muna jiran ƙas-ƙas ɗin nan. Sau ɗaya aka ji shi, bai sake ba. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga, sha ɗaya da ɗigo ɗaya." Injiniya ya ce ya ƙara minti biyar a sama ya ga ko za ta motsa. Ba ta motsa ba. Da ya sauko, sai ya ba shi alƙalami ya ce ya je ya rubuta lambar da kwanan wata a cikin murfin akwatin wutar, kusa da wayar da ke zuwa ƙofa, don wanda zai buɗe shi bayansu.